Masu Tsaron Matan Fada

Mu 'yan Illela da muka ga yadda tafkin Kalmalo ke ja da baya, mun san darajar ruwa mai kifi. Shi ya sa nake jinjina wa Kabawan Argungu. Shekara guda cur Sarkin Ruwa da mutanensa ke hana jefa koma a gulbin Matan Fada, ba shinge, ba bindiga, sai kunya da girmama al'ada. Masunci zai wuce da gorarsa yana kallon giwan ruwa na juyi, ya haɗiye miyau ya nufi wani gulbin. A 1934 aka fara bikin kamun kifi na Argungu da ake yi a gulbin nan, UNESCO kuma ta karrama shi a 2016. Baƙi ranar su kaɗai suke gani, haƙurin sauran shekara kuwa na mutanen gari ne.