Aikatau «ululate» na Ingilishi da Matsalar Fassara Shi da «Guɗa»

A cikin aikatan Ingilishi masu bayyana sauti mai tsini akwai «ululate», wanda ba safai ake jin sa a bakin jama'a ba, sai a littattafai da jaridu. Masu fassara sun saba ɗaukar sa daidai da «yin guɗa». Wannan nazari zai nuna cewa daidaiton nan ragagge ne, kuma yana iya ɓatar da masu tsara ƙamus da littattafan yaƙi da jahilci.

Asalin kalmar daga Latinanci ne, wato «ululare», kukan kare ko kyarkeci. Daga tushe guda aka sami «ulula», sunan mujiya. Kalma ce ta kwaikwayon sauti, kamar yadda maimaicin gaɓar ya nuna. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17 da ma'anar kukan dabba da kururuwar makoki. Daga bisani ne marubuta suka ɗora ta a kan sautin da matan Afirka da na ƙasashen Larabawa ke yi da harshe, domin Ingilishi ba shi da kalma tasa ta wannan al'ada. Sai dai tsohuwar ma'anar ba ta gushe ba. A littafin William Golding na 1954, «Lord of the Flies», sunan da aka samo daga wannan aikatau shi ne ya bayyana ihun yaran da ke farautar ɗan'uwansu domin su kashe shi. Mai karatu Bature yana jin tsoro da dabbanci a cikin kalmar.

Guɗa kuwa ba haka take ba. Aikin mata ce, kuma alama ce ta murna: ana rangaɗa ta a wajen kai amarya, da suna, da naɗin sarauta. Bahaushe ba ya cewa kare ya yi guɗa, kuma ba a guɗa a gidan rasuwa. Ta fuskar nahawu ma sun bambanta: «ululate» aikatau ne mai tsayuwa da kansa, ita kuwa «guɗa» suna ce, sai da taimakon «yi» ko «rangaɗa».

A Nijar matsalar ta ƙaru, saboda sau da yawa fassara takan bi ta Faransanci. Can kuwa «hululer» kukan mujiya ne, sautin mata kuma «youyou» ake kiran sa. Wanda kamannin rubutu ya ruɗe shi zai iya mayar da murnar biki kukan tsuntsuwar da Hausawa ke camfawa.

Laifin dai na tsarin nan ne na jera kalma ɗaya gaban kalma ɗaya, ba tare da misali ba. Ya kamata ƙamus ya raba ma'anonin uku: kukan dabba, kururuwar baƙin ciki, da guɗa, kowacce da jimlar misali mai nuna wanda ke yin sautin da dalilinsa. Haka kuma a ɓangaren Hausa zuwa Ingilishi, kada a wadatu da «ululate» shi kaɗai, sai an ƙara da cewa sautin murna ne na mata. Idan aka bar wannan bayani, ɗalibi zai riƙe sautin, ma'anar kuwa ta kuɓuce masa.