Kalmar "Jest" da Ma'aunin Wasa a Ƙasar Gobir: Sharhi a Kan Koyon Ma'ana Daga Ƙamus

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya ci karo da kalmar Ingilishi "jest" a cikin wasannin Shakespeare yakan tambayi ma'anarta, malami kuma yakan sallame shi da kalma guda, watau "wasa". Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan amsa ta gaza, domin sanin kalmar raha bai cika ba sai an san wanda ke da izinin yin ta da wanda ake yi wa ita. Za a auna batun da al'adar Sabon Birni da Isa.

2.0 Tarihin kalmar

Kalmar "jest" ta shiga Ingilishi daga tsohon Faransanci, tushenta kuwa Latinanci ne mai nufin ayyukan bajinta. Da farko ana kiran labarin gwarzaye da ita, mai rera irin wannan labari a gaban manya kuma shi ne asalin "jester". Zuwa ƙarni na 16 ma'anar ta karkata ga ba'a, mai rerawar ya zama wawan sarki, kamar Yorick da aka ambata a wasan Hamlet. A ƙarshen ƙarni na 17 sai "joke" ta shigo, ta mamaye bakin jama'a sannu a hankali, har "jest" ta koma kalmar littafi da ta dattawa.

Ƙamusoshin da malamai suka daɗe suna dogaro da su, irin na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da na Skinner na 1965, aikinsu shi ne gwama kalma da takwararta a wani harshe. Sun yi wannan aiki, kuma ba a raina musu. Aibin yana ga mai koyarwar da ya tsaya a nan, alhali Hausa ta rarrabe abin da ya dunƙule. Raha hira ce mai daɗi wadda ba ta da wanda aka nufa. Barkwanci magana ce ta ban dariya. Ba'a kuwa tana da wanda ake yi wa, kuma tana bukatar yardarsa. Idan yardar ta kau, ba'a ta zama izgili. Mai cewa "wasa" kawai ya rufe waɗannan matakai duka da faifai ɗaya.

3.0 Fadar Isa: yabo da zambo a baki guda

Yadda kalmar yabon gwarzaye ta rikiɗe ta zama ta ba'a abu ne mai ɗaure wa ɗalibi kai, sai fa idan an tuna masa da makaɗan fada. Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya shahara da kambama ubangidansa da jero kakanninsa. A cikin waƙa ɗaya kuma yakan juya ya yi wa masu ja da sarki zambo da habaici, ya siffanta su yadda kowa a fada zai gane wanda ake nufi. Da yabon da zambon duk hidimar sarauta ce, kuma matsayinsa na makaɗin sarki shi ya ba shi bakin faɗar abin da wani talaka bai isa ya furta ba. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya riga ya fahimci hanyar da "jester" ya bi daga mai yabo zuwa mai ba'a, da kuma dalilin da ya sa wawan da ke cikin wasan King Lear yake gaya wa sarki gaskiya mai ɗaci ba tare da ya rasa kansa ba.

4.0 Sabon Birni: wasa mai doka

Yankin nan ya san nauyin magana. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga can ne kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Yau da Sabon Birni da Isa kowace tana da mai sarautar Sarkin Gobir. A wurin da tarihi ya bar irin wannan tabo, ba kowa ke tsokanar kowa ba, saboda haka al'ada ta shata wa wasa iyaka. Jika yana wasa da kakansa, ba ya yi da mahaifinsa. Ƙanen miji yana wasa da matar wansa. Bagobiri yana yi wa Bayarabe ba'ar da in wani ya yi ta sai an kai ga alƙali. Sama da duka akwai taubasai, watau ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda a watan cika-ciki ake biyan kuɗin shara a tsakaninsu.

A 1940 Radcliffe-Brown ya bayyana irin wannan dangantaka da cewa ɗaya yana da izinin zolayar ɗaya, wanda aka zolaya kuma ba shi da damar fushi. Bayanin ya dace, amma sunan da aka laƙaba mata a Ingilishi ya ɗora nauyi a kan dariya. Taubasantaka ta ƙunshi haƙƙi: taubashi yakan shiga tsakani a rikici, yakan faɗi laifin da kunya ta hana wasu faɗa, sau da yawa ma a tsakanin taubasai ake ƙulla auren zumunci. Irin wannan amfani na kashe wutar husuma yana cikin abin da Hukumar UNESCO ta duba a 2014, sa'ad da ta sanya wasan taubasantaka na Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar Sabon Birni, cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam.

5.0 Kammalawa

Abin da ya sami "jest" yana neman samun "taubashi". Yara 'yan makaranta da dama sun koma cewa "kazin", kalmar da ba ta bambanta ɗan wa da ƙane da ɗan mace da namiji ba. Wanda bai san taubashinsa ba kuwa zai ji ba'arsa a matsayin zagi, ya rama da gaske. Don haka ya kamata malamin da aka tambaya ma'anar tsohuwar kalmar raha, ta Ingilishi ko ta Hausa, ya haɗa wa ɗalibi da tambayoyi uku: wa ke faɗa, wa ake faɗa wa, kuma wane izini ne ya halatta faɗar.