Muryar Tems: me yaranmu suka ji a cikinta?

Jama'a, ba fatawa na zo bayarwa yau ba, wannan sai mun haɗu a masallaci. Yaron shagona ne ya ishe ni da waƙar "Try Me", safe da yamma, har na ce to bari in kasa kunne in ji abin da ya ɗauke masa hankali.

Mai waƙar, Temilade Openiyi, wadda ake kira Tems, 'yar nan Legas ce. A 2018 ta ajiye aikin ofis, ta fitar da "Mr Rebel", kuma ita ta haɗa kiɗan da hannunta, babu wani babban kamfani a bayanta. Duk wanda ya fara kasuwanci da tebur guda ya san nauyin wannan.

Amma muryar ce sirrin. Mai kauri ce, tana can ƙasa, ba ta gaggawa. A garin da kowa ke ihu, daga kwandastan danfo har mai talla, ita sai ta sassauta, ta bar kiɗan ya numfasa. Ba ta wasa wani mai kuɗi don a yi mata liƙi. Ɓacin ranta take faɗa, da cewa ba za a taka ta ba. Yaron da maigida ke yi wa tsawa kullum (ban ce ni ba!) dole ya ji da shi ake.

Inda na ga gazawa: tana haɗiye kalmomi. Yaron nawa, mai Turancin sakandare, sau uku yana maimaita baiti guda kafin ya iya gaya min abin da ta ce.