Karin Magana Ba Tare da Mazauni Ba: Tsokaci a Kan Tsofaffin Taskokin Karin Maganar Hausa Dangane da Garwa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya fara nazarin karin maganar Hausa yakan ci karo da littattafai uku: na G. Merrick (1905), da na C. E. J. Whitting mai suna Hausa and Fulani Proverbs (1940), da na A. H. M. Kirk-Greene, wato Hausa Ba Dabo Ba Ne (1966), wanda ya ƙunshi karin magana 500. Waɗannan ayyuka sun adana abin da da ya salwanta, babu mai musun haka. Manufar wannan takarda ita ce a auna su da ma'aunin wani gari guda, wato Garwa, hedikwatar Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, domin a ga inda suka gaza.

2.0 Garwa a Matsayin Ma'auni

Garwa tana bakin kogin Binuwai, kuma a ƙarni na 19 tana cikin masarautar Adamawa wadda Modibbo Adama ya kafa. Jamusawa sun mamaye ta a 1901, sannan sojojin Ingila da Faransa suka karɓe ta a 1915, daga bisani ta koma hannun Faransa. Fulatanci ne harshen kasuwa da titi, Faransanci na makaranta da ofis, Hausa kuwa tana gidajen jikokin fatake da malamai da mahauta. A fadojin lamiɓe na yankin ana jin sarautu irin su Galadima da Sarkin Fada. Ke nan Bahaushen Garwa yakan yi magana da harshe biyu ko uku a wuni ɗaya.

A nan ne aikin Whitting ke buƙatar a sake duba shi. Taken littafin ya ajiye hikimar Hausawa a gefe guda, ta Fulani a wani gefen, tamkar kowace tana da rumbunta. Wannan rabo yana da sauƙi ga jami'in mulkin mallaka mai shirin jarrabawar harshe, amma ga mai nazari yana ɓoye tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa mutumin da yake cikin ciniki da Fulatanci zai juya zuwa Hausa don ya jefa karin magana, kuma wa yake so ya ji, wa yake so ya ɓoye wa?

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Tsarin da aka saba shi ne a kawo karin magana, a fassara ta da Ingilishi, wani lokaci a ƙara ɗan bayani. Ɗauki maganar nan da ake cewa baƙo raɓa ne. A takarda ma'anarta ɗaya ce: baƙo ba ya daɗewa. Idan mai masauki ya faɗa wa iyalinsa, haƙuri yake ba su. Idan kuwa aka faɗa wa mutumin da aka haifi kakansa a Garwa, ana cikin rikicin fili, to an gaya masa cewa har yanzu ba ɗan gari ba ne. Shi ma yana iya faɗinta da bakinsa don ya zame daga rigimar da ba ya son shiga. Kalmomi uku ne ba su canza ba, amma lallashi da gori da kauce wa fitina ba abu ɗaya ba ne, kuma jerin karin magana ba ya iya rarrabe su.

Abin lura shi ne Kirk-Greene ya san yankin sosai, domin shi ya rubuta Adamawa Past and Present (1958). Giɓin ya samo asali ne daga tsarin tattarawa na wancan zamani, wanda ya ɗauki Hausa a matsayin abu guda daga Sakkwato har Binuwai.

A zamanin ma akwai wata hanyar. A ƙasar Ayilan, Hukumar Adana Al'adun Gargajiya da aka kafa a 1935 ta sa 'yan firamare suka tattara tatsuniyoyi da karin magana daga dattawa tun daga 1937, ana rubuta makarantar da aka samo su, sau da yawa har da sunan wanda ya faɗa da ƙauyensa. Ɗalibin da zai je kasuwar Garwa da rikoda yana buƙatar ya ƙara a kan haka: harshen da ake ciki kafin a kawo karin maganar, da matsayin mai faɗa, da amsar da aka mayar masa.