Inshorar Lafiyar Yara a Birnin Gwari: Inda Gizo Ke Saƙar

A watan Mayun 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin tsohon shirin NHIS. Babban abin da dokar ta zo da shi shi ne wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya. Jihar Kaduna kuwa tun 2018 ta yi dokar kafa tata hukumar, wato KADCHMA. A takarda dai, yaron da aka haifa a Kuyello ko Dogon Dawa ya kamata a ce yana da katin da za a duba shi da shi ba tare da uwarsa ta kwance bakin zani ba. A zahiri kuwa, sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Binciken lafiyar iyali na ƙasa, NDHS, na 2018 ya gano kusan kashi 3 cikin ɗari ne kacal na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke da wata inshorar lafiya. A binciken nan kuma aka samu cewa cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma a Arewa maso Yamma abin ya fi haka muni.

In ka tambayi dalilin ƙarancin rajista, amsar da aka fi ji ita ce mutane ba su fahimta ba, a ƙara wayar da kai. A ganina wannan amsa ta yi wa tsarin sassauci, ta jibga laifin a kan talaka. An ɗinka tsarin ne daidai jikin ma'aikacin gwamnati na birni, sannan aka ce manomin gefen dajin Kamuku ya sa. Bari mu bi shi daki-daki.

Me ya sa ganin dama ba ya cika asusu

Inshora kamar adashe take, sai dai a nan wanda ciwo ya kama ne kawai ke kwasa. Don asusun ya ɗore, dole masu lafiya da ke zubi su ninka marasa lafiya da yawa. To idan aka ce shiga ganin dama ne, su wa za su fara zuwa? Waɗanda suka san za su buƙata: mai hawan jini, mai ciwon suga, wadda cikinta ya tsufa. Asusu ya yi ƙasa, a ƙara kuɗin zubi, masu lafiya su ƙara ja da baya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2010, ta nuna cewa ba a kai ga rufe kowa da kowa da tsarin ganin dama.

Dokar 2022 ta gane haka, shi ya sa ta ce wajibi ne. Amma wajibcin yana aiki ne inda akwai albashin da za a cira tun kafin ya shiga hannu. Manomin masara a Randagi ba shi da takardar albashi, sau ɗaya yake ganin kuɗi a dunƙule, da kaka. A wajensa dokar ta koma ganin dama, kuma ba wanda zai kama shi don bai shiga ba.

Iyalin da tsarin ya sani

Ma'aunin iyali da aka gada daga NHIS, wanda jihohi da dama suka ɗauka, shi ne maigida da mata ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Duk wanda ya ƙaru sai an biya masa daban. Alhali NDHS ta 2018 ta nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar yara 6.6 a matsakaici. Ka ɗauki mai mata biyu da 'ya'ya tara. Waɗanne huɗun zai zaɓa, kuma da wane baki zai yi wa ɗaya ɗakin bayani? Da yawa za su ga gara su bar abin gaba ɗaya da su tayar da rigima a gida. Ba a ma zo maganar 'ya'yan riƙo ba, da marayun da rikicin 'yan bindiga ya bari a hannun kakanni da kawunnai.

Gana ta taɓa faɗawa irin wannan rami. Shirinta da aka kafa a 2003 ya yafe wa yara kuɗin zubi, amma da farko sai iyaye sun yi rajista yaro zai amfana. Yaran iyayen da ba su iya biya ba, wato waɗanda suka fi buƙata, su aka bari a waje, har sai da aka raba rajistar yaro da ta iyayensa. A 2008 kuma ƙasar ta sa masu juna biyu su shiga kyauta.

Takardu

Akwai wani gwaji da masana tattalin arziki, cikinsu har da Abhijit Banerjee, suka yi a Indonesiya, aka buga shi a 2021. Sun raba magidanta kusan 6,000 ta hanyar ƙuri'a: wasu aka biya musu zubi, wasu aka bi su gida aka taimaka musu da rajista, wasu aka haɗa musu duka biyun. Ko waɗanda aka yi wa duka biyun, kusan kashi 30 cikin ɗari ne kawai suka shiga. Abin da ya fi jan hankali shi ne fiye da rabin waɗanda suka yi yunƙurin rajista ba su samu nasara ba, galibi saboda bayanan iyalinsu da ke hannun gwamnati ba su yi daidai da na zahiri ba. Mutanen sun so shiga, takarda ce ta tare musu ƙofa.

Yanzu kawo wannan gida. A 2018 kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Duk rajistar da ta dogara da lambar ɗan ƙasa ta NIN da intanet za ta tace yaran ƙauye tun a bakin ƙofa. Mutanen Birnin Gwari ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a yankin wajen wata biyu saboda tsaro.

Kati ba ya ba da magani

Yadda ake biyan ƙananan asibitoci a wannan tsari shi ne a ba su wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da aka rubuta musu, ya zo ko bai zo ba. Wato katinka a ɗaure yake da asibiti guda. Manufar Jihar Kaduna ita ce ingantacciyar cibiyar lafiya ɗaya a kowace mazaɓa cikin 255. Birnin Gwari na da mazaɓu 11 a kan ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 6,000, ka ga kowace mazaɓa ta haura murabba'in kilomita 500 a matsakaici. Gandun dajin Kamuku kaɗai ya haura 1,100. Ga iyalan da suka bar ƙauyukansu suka koma cikin gari ko Kaduna, sunansu na can inda suka baro. A irin wannan hali ana iya ƙirga yaro cikin masu inshora shekara guda cur bai taɓa ganin ma'aikacin lafiya ba.

Maƙwabciyarmu Nijar ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006. Iyaye sun yi tururuwa, amma kuɗin da gwamnati za ta mayar wa asibitoci ya dinga makara, bashi ya taru, magani ya dinga yankewa. A Kwara kuwa, shirin da aka fara a Shonga a 2007 ya haɗa rangwamen zubi mai yawa da gyaran asibitoci, kuma bincike ya nuna haihuwa a asibiti ta ƙaru har ga matan da ba su da kati. Uwar da ta je da kati sau ɗaya aka ce ta tafi kemis ta sayo magani, ba sanarwar rediyon da za ta sa ta sabunta shi.

Abin da ke hannun ƙaramar hukuma

Wani zai ce ai akwai Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko da dokar 2014 ta kafa, wanda ke biya wa marasa galihu. Gaskiya ne, kuma yana taimakawa. Sai dai tushensa kashi 1 ne cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, a raba wa ƙasa baki ɗaya. Gurabe ne ƙidayayyu, kuma duk inda gurbi ya yi kaɗan sai an zaɓa, zaɓe kuma yana buɗe ƙofar sanayya.

Mafita ta farko ita ce ƙaramar hukuma ta biya wa duk ɗan ƙasa da shekara biyar da duk mai juna biyu a mazaɓa, ba tantance talauci, ba tambayar ko uba ya shiga. Shekarun yaro ba sa ɓuya, don haka ba wanda zai nemi alfarmar kansila. A ƙa'idojin asusun na 2020 an yi lissafin naira 12,000 ga mutum a shekara. A kan haka yara 10,000 za su ci naira miliyan 120, wato miliyan 10 a wata. Farashi ya tashi tun daga lokacin, amma har yanzu lissafi ne da majalisar ƙaramar hukuma za ta iya zama a kai, ta fara da mazaɓa biyu ko uku. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwa na tafiyar hawainiya. Kasuwar Kara da Gwamna Uba Sani ya sake buɗewa a Nuwamban 2024 bayan shekaru a rufe ita ma hanyar kuɗin shiga ce, ana iya ware wani kaso sananne daga ciki.

Ta biyu, rajista ta je inda yaro yake. Duk damina ma'aikata na bi gida-gida suna raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, haka ma masu rigakafin shan inna. Sunayen yaran nan suna hannun gwamnati. Tsarin mulki ma ya sa rajistar haihuwa cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Mai unguwa da ungozoma sun san duk gidan da aka yi suna. A rubuta yaro a takarda ya fara cin moriya nan take, shaidar haihuwa da NIN su biyo baya.

Ta uku, manya su shiga a ƙungiyance, ta ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa da na direbobi, a karɓi zubi da kaka. Shiga a dunƙule na kawo mai lafiya da marar lafiya tare. A nan ne wayar da kai ke da gurbi, musamman ga masu shakkar halaccin inshora. Malamai da masarauta su suka fi cancanta su bayyana cewa asusun taimakekeniya ne, mai kama da takaful.

Ta huɗu, a nemi KADCHMA ta sauƙaƙa wa wanda ya yi hijira sauya asibiti. Mazaɓar da cibiyarta ba ma'aikaci ko magani kuwa, gyaran cibiyar ya kamata ya riga katin, in ba haka ba kuɗin zubi asara ne.

Daga ƙarshe, a sauya abin da ake alfahari da shi. Yawan katin da aka raba ranar biki ba ya nuna komai a kan lafiyar yaro. A manna a bangon kowace cibiya, duk wata: yara nawa aka rubuta, nawa aka duba ba su biya ko sisi ba, ran nawa kuɗin wata ya iso, kwana nawa aka yi ba maganin zazzaɓi. Kwamitin ci gaban mazaɓa ya sa hannu a ƙasa. Mai karatu, in ana bikin raba kati a ƙaramar hukumarku, waɗannan alƙaluma huɗu su za ka nema daga shugabanta.