Ƙaramar Ƙofa: Sharhi Kan Littafin The Phoenix Project

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da mu masu bibiyar adabi ba mu cika waiwaya ba, wato labarin da aka rubuta don a koya wa ma'aikaci aikinsa. The Phoenix Project yana cikinsu. Mutum uku ne suka rubuta shi da Turancin Ingilishi, Gene Kim da Kevin Behr da George Spafford, ya fito a Amurka a 2013, kuma tun daga lokacin ya zama littafin da shugabannin sashen kwamfuta ke miƙa wa masu rubuta manhajar kamfanoni da masu kula da injinan da manhajar ke gudana a kansu. Shi ne ya ƙara yaɗa tsarin aikin nan da suke kira DevOps, wanda manufarsa ita ce a daina zaman doya da manja tsakanin mai rubuta manhaja da mai tafiyar da ita. Abin da ya sa na kawo shi gaban ƴan uwa shi ne, ya zaɓi ya zo a rigar labari, don haka ya halatta a auna shi da ma'aunin labari.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Parts Unlimited kamfani ne na ƙage da ke ƙera kayan gyaran mota yana kuma sayar da su a shagunansa. Kasuwa tana suɓuce masa, kuma duk fatansa ya rataya ne a kan wata sabuwar manhaja mai suna Phoenix, wadda ta daɗe da wuce wa'adinta ta kuma cinye kuɗi fiye da abin da aka ware mata. Sai shugaban kamfanin, Steve, ya kira Bill Palmer ya ɗora masa shugabancin sashen da ke kula da injinan, muƙamin da Bill bai nema ba kuma bai so ba. Ranar farko ma ba ta ƙare ba sai tsarin biyan albashi ya rikice.

Wannan babi na albashi shi ne mafi kyau a littafin, kuma a nan marubutan suka nuna sun san gidan da suke magana a kai. Kowa ya ɗora laifin a kan wani gyara da ake yi wa babban injin ajiyar bayanai, domin shi ne abin da ido ya gani. Ana ta haƙa a inda babu ruwa. Sai daga baya ta bayyana cewa sashen tsaron bayanai ne ya sa aka shigar da wani ɗan sauyi don ɓoye bayanan sirri na ma'aikata, ba tare da an gwada shi ba, ba kuma tare da an sanar da kowa ba. Ba wanda ya yi niyyar ɓarna. Kowa yana ganin aikinsa yake yi. Mai karatu yana bin abin kamar labarin binciken kisan kai, alhali gawar da ake nema ba ta wuce wasu layukan rubutu a cikin kwamfuta ba. Ba ƙaramar gwaninta ba ce marubuci ya sa zuciyar mutum ta riƙa bugawa a kan abin da ko ganinsa ba zai iya yi ba.

Daga nan sai Brent. In da za a ce in ajiye abu guda daga littafin in zubar da sauran, Brent zan ajiye. Injiniya ne da ya san kan kowane inji a kamfanin, mai saurin hannu, wanda bai iya cewa a'a ba. Duk abin da ya lalace, a kira Brent. Duk sabon aiki, sai Brent ya sa hannu. Saboda yana gyara abu cikin minti biyar ba ya tsayawa ya rubuta yadda ya yi, saboda bai rubuta ba kuma gobe ma sai an sake kiransa. Sannu a hankali kamfani guda mai dubban ma'aikata ya koma yana shige da fice ta ƙaramar ƙofa ɗaya, ƙofar kuwa mutum ce mai barci da gajiya. Wanda duk ya taɓa aiki a gidan rediyo ya san irin wannan mutum: ma'aikacin injin nan guda da in ya tafi ganin gida kowa ke addu'ar kada na'urar watsa shiri ta yi tari kafin ya dawo. Ana yabonsa kullum, ba a kuma lura cewa yabon ne ke ɗaure shi yana ɗaure gidan gaba ɗaya.

Littafin ya ba da wani lissafi a kan haka da ya kamata kowane shugaban ma'aikata ya sani. Ya ce tsawon jiran da aiki zai yi a gaban mutum yana tafiya ne daidai da rabon lokacin da yake cikin aiki a kan lokacin da yake sarari. In rabin lokacinsa yana aiki rabi yana sarari, 50 a raba da 50, jiran awo ɗaya ne. In kashi 90 yana aiki, 90 a raba da 10, jiran ya zama awo 9. In ya kai kashi 99, jiran ya zama awo 99. Ma'ana, shugaban da ke alfahari cewa babu wanda ke zaune a ofishinsa shi ne ya sa aikin minti talatin ke kwana uku a kan tebur. Lissafin an sauƙaƙa shi ƙwarai, masana ilimin jerin gwano za su ƙara masa sharuɗɗa, amma gaskiyar da ke cikinsa tana nan daram.

To, inda littafin ya fara ba ni matsala shi ne shigowar Erik. Wani dattijo ne da ake shirin sakawa cikin hukumar gudanarwar kamfanin, wanda Bill ya fara ɗauka mai kawo cincin ne saboda shigarsa. Shi ne malamin labarin. Yakan ja Bill zuwa masana'antar kamfanin, ya tsayar da shi a sama suna kallon yadda kaya ke wucewa daga inji zuwa inji, ya jefa masa tambaya, ya yi tafiyarsa. Daga bakinsa ake jin cewa aiki iri huɗu ne: ayyukan kasuwanci, ayyukan cikin gida na sashen kwamfuta, sauye-sauye, sai kuma aikin ba-zata wanda ke cinye sauran ukun. Daga bakinsa kuma ake jin hanyoyi uku: aiki ya riƙa gudana gaba ba tare da taruwa ba, labarin kuskure ya riƙa dawowa baya da wuri, a kuma mayar da gwaji da koyo al'ada.

Darussan ba su da laifi. Erik ne ba mutum ba. Ba ya kuskure, ba ya tsoro, ba abin da zai rasa in kamfanin ya rushe. Mu da muka saba da wasannin faɗakarwa na rediyo mun san shi sarai: shi ne malamin asibitin nan ko malamin gonan da ke shigowa ana tsakiyar rigima, kowa ya yi tsit, ya karanto saƙon masu ɗaukar nauyin shirin, ya fita. Mai sauraro yana jin takunsa ya san wasa ya tsaya, wa'azi ya fara. Marubutan ba su ɓoye inda suka samo shi ba. Sun gina littafinsu ne a kan The Goal na Eliyahu Goldratt, wanda ya fito a 1984, inda wani malami mai suna Jonah ke yi wa manajan masana'anta irin wannan jagora, inda kuma wani yaro mai nauyin tafiya, Herbie, ke riƙe jerin yara gaba ɗaya a daji. Brent jikan Herbie ne, Erik kuma jikan Jonah. Na farkon ya fi kakansa rai, na biyun ko kusa.

Matan littafin ma sai a hankali. Patty tana da kai, ita ce ta kafa allon katunan da ya fara nuna wa sashen yawan sauye-sauyen da suke yi a makance, amma ba mu san komai game da ita ba bayan aikin. Matar Bill tana gida tana jiran miji. Sarah kuwa, shugabar harkar shaguna, an ɗora mata duk wani mugun hali: kutungwila, son kai, ɗora wa wani laifi. Littafin da ya ɓata shafuka yana koya mana cewa tsari ne ke jawo ɓarna ba mutum ba, da ya zo kanta sai ya manta da karatunsa. Ita kaɗai ba a nema wa uzuri ba, ita kaɗai ba ta shiryu ba. John mai tsaron bayanai, wanda sauyinsa ya rikita albashi, an bar shi ya faɗi ƙasa warwas, ya ɓace, ya dawo sabon mutum da askakken kai. Sarah sai dai ƙofar fita.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, domin ya wuce takarda ya shiga aiki. Kashi na ƙarshe na littafin biki ne na sauri. Ƙungiyar Bill ta koma tana iya sakin sabon gyara sau da yawa a rana guda, burin da aka aro daga jawabin da John Allspaw da Paul Hammond na Flickr suka yi a 2009 kan sakin gyara fiye da goma a yini. A adalci, littafin ya faɗi cewa saurin yana zuwa ne bayan an rage girman kowane sauyi, an sa inji yana gwada shi, an kuma tanadi hanyar komawa baya. Amma yadda aka tsara labarin, wahala duk tana cikin zamanin jinkiri, daɗi duk yana cikin zamanin sauri. Da zarar an kama hanyar Erik, ciniki ya buɗe, abokan gaba sun watse, Bill ya samu alƙawarin babban muƙami. Shugaban da ya karanta shi a gurguje abin da zai riƙe shi ne adadin nan na goma, ya bar sharuɗɗan a shafi. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani ɗan sabuntawa zuwa ga abokan cinikinsa a lokaci guda, ba a bi da shi rukuni-rukuni ba. Microsoft ta ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 masu aiki da Windows ne suka tsaya, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani. Ba na cewa littafin ne ya jawo haka, hasali ma abin da ya faru saɓa wa koyarwarsa ne. Abin da nake cewa shi ne, labarin bai taɓa nuna wa mai karatu irin wannan rana ba, ranar da bututun da aka gina don sauri zai kai guba ko'ina da irin saurin da yake kai magani. Ya nuna mana mummunan daren ƙaddamar da Phoenix, lokacin da injinan karɓar kuɗi na shaguna suka mutu aka koma rubuta lambobin katin banki da hannu, amma wannan laifin tsohon tsari ne. Sabon tsarin ba a bar shi ya ji kunya da gaske ba ko sau ɗaya.

Wani abin mamaki, littafin da ake ba masu rubuta manhaja su karanta kusan bai shiga ɗakinsu ba. Ta idon Bill muke ganinsu, daga nesa, a matsayin mutanen da ke jefo aikin da bai nuna ba su tafi hutun ƙarshen mako. Gene Kim da kansa ya koma ya cike wannan giɓi a 2019 da The Unicorn Project, inda ya sake ba da labarin kamfanin a daidai wannan lokaci ta bakin wata ƙwararriyar mai rubuta manhaja, Maxine. Wanda aikinsa rubuta manhaja ne zai fi ganin fuskarsa a can.

Duk da haka zan ce a karanta na farkon, musamman rabinsa na farko, kafin Erik ya karɓe makirufo. A lura kuma da yadda aka warware matsalar Brent. An killace shi, an hana kowa kiransa kai tsaye, an sa wasu injiniyoyi suna rubuta duk abin da ya yi, daga baya aka mayar da iliminsa cikin injin da ke shirya wurin aiki da kansa. Ta fuskar kamfani dabara ce mai kyau, ƙofa ta faɗaɗa. Amma ko a shafukan ƙarshe ana maganarsa ne kamar yadda ake maganar inji mai tsada: wa zai yi amfani da shi, a wane aiki, na tsawon wane lokaci. Bill ne aka ɗora a hanyar zama babban jami'in gudanarwar kamfanin. Brent yana nan gaban kwamfutarsa.