Takardar Fas da Gadon Aro: Wariya a Adabin Kudancin Afirka

A shekarar 1962 ƙungiyar marubuta ta Mbari da ke Ibadan ta buga wani ɗan siririn littafi mai suna A Walk in the Night. Marubucinsa, Alex La Guma, yana can Cape Town, gwamnati ta sa shi a gaba, har ta kai ga hana buga kalamansa a ƙasarsa, Afirka ta Kudu. Bayan shekara guda Mbari ta kuma fitar da waƙoƙin Dennis Brutus. Yawancin adabin adawa da mulkin wariyar launin fata haka ya rayu: a rubuta a gida ko a gudun hijira, a buga a waje, a shigo da shi a ɓoye.

Abin da marubutan nan ke fuskanta ya wuce ƙiyayyar zuci. Tun da Jam'iyyar National ta hau mulki a 1948 aka mayar da ƙyama doka. A 1949 aka haramta aure tsakanin fari da wanda ba fari ba. A 1950 aka yi wa kowa rajista bisa launinsa, aka kuma raba unguwanni. A 1952 aka ƙarfafa dokar fas, wato ɗan littafin da baƙar fata zai riƙa yawo da shi, mai nuna inda aka yarda ya zauna da inda zai yi aiki. Zanga-zangar ƙin wannan takarda ce ta jawo kisan Sharpeville ranar 21 ga Maris, 1960, inda 'yan sanda suka harbe mutum 69.

Marubucin da ke cikin irin wannan hali yana da jarrabawa babba. Zaluncin a fili yake, ya yi muni har ya zama da ka zayyana shi kamar ka gama aiki. Lewis Nkosi ya soki 'yan uwansa marubuta tun a shekarun 1960, yana ganin da yawansu rahoton jarida suke yi da sunan ƙagaggen labari. A tsakiyar shekarun 1980 Njabulo Ndebele ya ƙara da cewa an shagala da nuna ta'asa, an manta da rayuwar yau da kullum ta mutanen da ake zalunta. Ina ganin suna da gaskiya. Labarin da ɗan sanda mugu ne tun daga shafin farko, baƙi kuma salihi ne har ƙarshe, yana tayar da hankali, amma ba ya nuna wa mai karatu ta inda cutar ke shiga jiki. Ko Cry, the Beloved Country na Alan Paton, wanda ya fito a 1948 ya girgiza duniya, yana da nasa rauni: limamin coci Stephen Kumalo ya cika haƙuri da yafiya, irin baƙin da farar fata zai tausaya wa ba tare da ya ji tsoronsa ba.

La Guma bai bi wannan hanya ba. Michael Adonis, saurayi daga unguwar District Six, an kore shi daga aiki don ya mayar wa farin shugabansa magana. Ya sha giya, ya koma gida da baƙin ciki, ya huce a kan wani tsohon Bature mashayi, maƙwabcinsa, wanda bai tsare masa komai ba. Tsohon ya mutu, sai ɗan sanda Raalt ya harbe wani yaro daban, Willieboy, a kan laifin. Wanda aka zalunta ya zama mai kisa, wanda aka kashe shi ma talaka ne tilis. La Guma bai wanke kowa ba, shi ya sa littafin ke da nauyi.

Wasan kwaikwayon Sizwe Banzi Is Dead, wanda Athol Fugard da John Kani da Winston Ntshona suka tsara a 1972, ya tattara dukan tsarin a cikin aljihun mutum ɗaya. Sizwe ya zo Port Elizabeth neman abin da zai ciyar da iyalinsa, an buga masa hatimin ya bar garin cikin kwana uku. Da dare shi da wani mai suna Buntu suka ci karo da gawa a lungu, a aljihunta akwai fas mai izinin neman aiki. Buntu ya ɓamɓare hoton mamacin ya manna na Sizwe. Daga nan Sizwe ya zauna yana haddace lambar wani da sunan wani, Robert Zwelinzima. Mutum ne mai mata da 'ya'ya, sunansa shi ne abin da zai bar musu, ga shi dole ya binne sunan don su ci abinci. Duk wanda ya san darajar a kira shi da sunan ubansa zai ji zafin wannan wuri.

Sai dai wadda ta fi kowa zurfafawa, a ganina, ita ce Bessie Head. An haife ta a 1937 a asibitin masu taɓin hankali na Pietermaritzburg, uwarta fara, ubanta baƙi. A 1964 ta tsallaka Botswana ta zauna a Serowe. A can ta tarar da abin da ta gudo wa a wata kama: Batswana, baƙaƙe kamarta, suna riƙe da mutanen San, waɗanda suke kira Masarwa, a matsayin bayi. Littafinta Maru na 1971 a kan haka yake. Margaret Cadmore 'yar Masarwa ce, uwarta ta rasu wajen haihuwarta, matar wani ɗan mishan ta raine ta, ta ba ta sunanta da ilimi. Da ta isa ƙauyen Dilepe a matsayin malama, mutane suka ɗauka ruwa biyu ce, kuma da ta yi shiru da ta zauna lafiya. Ta faɗi asalinta da bakinta. Nan take shugaban makaranta ya shiga ƙulla yadda za a kore ta, yara suka riƙa yi mata ature a aji, har gadon da aka ara mata sai da aka aiko aka ɗauke. Babu Bature ko ɗaya a cikin masu yi mata haka.

Ƙarshen littafin bai gamsar da ni ba. Maru, mai jiran gadon sarauta, ya ajiye mulki ya aure ta suka bar gari, amma da dabara da tursasawa ya same ta, ita kuwa ba a ji ta bakinta sosai ba. 'Yancin da aka ba mace ba tare da an tambaye ta ba, da sauran magana a kansa. Duk da haka Head ta taɓo wurin da adabin adawa ya saba kaucewa, wurin da Chinua Achebe ma ya taɓa a No Longer at Ease na 1960, inda iyayen Obi, Kiristoci na gaske, suka ƙi ya auri Clara saboda ita osu ce, wato daga zuriyar da ake ƙyama.

Mai karatu Bahaushe ya san wannan magana, domin ya san abin da ake nema idan an tafi binciken asali kafin aure, ya kuma san gidajen da ake cewa bayi ne ko mahauta ko maroƙa a janye. Labaran soyayyarmu da finafinanmu sukan ɗauko batun, amma sau da yawa sukan warware shi da gano cewa yaron da aka raina ashe ɗan sarki ne ko ɗan attajiri da ya ɓata tun yana ƙarami. Irin wannan warwara ba ta ƙaryata masu ƙyamar ba, cewa kawai ta yi sun yi kuskuren mutum. Head ba ta nemo wa Margaret wani ɓoyayyen uba mai sarauta ba. 'Yar Masarwa ta shiga labarin, a haka kuma aka aure ta.